Yadda za ka gane wanda aka ci a cinikin 'yan wasan besbol

Abin da za ka fara sawa a ranka shi ne a besbol ɗin Amurka ba kasafai ake sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi ba kamar yadda muka saba gani a Firimiya, musaya ake yi, ba ni gishiri in ba ka manda, kulob ya miƙa mutum ɗaya ya karɓi uku ko huɗu, wani sa'in a ɗora 'yan daloli a kai a matsayin ciko. Kwantiragin ɗan wasa bin sa yake yi duk inda aka tura shi, kuma galibi ba a ma tambayarsa ko yana son tafiya, sai dai in ya sa sharaɗin ƙin tafiya a takardarsa, ko kuma ya yi shekara 10 a babban lig kuma 5 na ƙarshe a kulob ɗaya, to shi wannan yana da bakin cewa a'a. Sauran kuwa kiran waya ɗaya ne, haɗa kayanka gobe kana wani gari. In kana neman irinsa a ƙwallon ƙafa ka tuna 2009 da Barcelona ta ba Inter Eto'o ta ƙara da kuɗi masu yawa ta karɓi Ibrahimovic, shekara na zagayowa Inter ta fitar da su a kofin zakarun Turai ta kwashe kofi uku, Ibra kuwa kaka ɗaya ya yi ya bar garin. To a besbol irin wannan abu ne na kullum, ba labarin shekara goma ba.

Mu da muke bin wasan a nan Legas ba mu da yawa, kuma yawancinmu mutanen dare ne, masu gadi, masu shayi, da waɗanda zafi da sauro suka hana barci, don wasan da aka fara ƙarfe 7 na yamma a New York sha biyun dare yake kamawa a nan. Amma in musu ya tashi a kan wane kulob aka cuta a ciniki sai ka rantse mun fi 'yan Arsenal da Man U yawa, kuma yawancin musun kan suna ake yin sa, wane ya fi wane suna shikenan. Ba haka ake dubawa ba.

Kar ka yanke hukunci ranar da aka yi cinikin. Ran 15 ga Yunin 1964 Chicago Cubs suka ba St. Louis Cardinals wani yaro mai gudu, Lou Brock, suka karɓi mai jifa Ernie Broglio, akwai wasu a cikin cinikin amma waɗannan biyun ne maganar. A ranar kusan kowa cewa ya yi Cubs sun yi wa Cardinals wayo, don Broglio ya ci wasa 21 a 1960, ya ci 18 a 1963, shi kuwa Brock bugu yake ba tabbas, a fili ma yakan zubar da ƙwallo. Abin da mutane ba su gani ba hannun Broglio ya riga ya fara lalacewa, duk zamansa a Cubs wasa 7 ya ci ya faɗi 19, zuwa 1966 ya gama. Brock kuwa yana isa St. Louis sai ya zama wani mutum daban, suka ɗauki kofin World Series a shekarar, suka sake a 1967, ya gama wasa da satar bes 938 (bes su ne matsayan da mai gudu ke bi ya zagaya fili ya ci maki) da bugu mai kyau, wato wanda ya kai shi bes lafiya, sama da 3,000. Har yau in an yi mummunan ciniki a besbol sunayen mutanen nan biyu ake kira. Saboda haka duk wanda ya tura maka maki a waya awa ɗaya bayan ciniki, wai wannan kulob ya ci wancan ya faɗi, ka karanta don nishaɗi kawai.

Abin da za ka iya dubawa a ranar, kuma shi ne ya fi komai nauyi, shi ne shekara nawa suka rage wa kowane ɗan wasa a hannun kulob. Tsarin haka yake: yaro in ya hau babban lig kulob ɗinsa ke riƙe da shi har ya cika shekara 6, ukun farko kusan mafi ƙarancin albashi ake biyansa, a 2024 dala dubu 740 ne a shekara, wanda a wurinsu kuɗin goro ne, ukun da suka biyo baya albashin na tashi ta hanyar sasanci ko a je gaban masu raba gardama, sai ya cika shidan nan ne yake samun 'yancin kansa ya je duk inda ya ga dama. To ka ga babban tauraro da wata biyu suka rage masa a kwantiragi da yaron da bai ma hau ba yana da shekara shida a gaba, ba kaya iri ɗaya ba ne ko kaɗan. Tauraron nan kamar kwandon tumatir ne a kasuwar Mile 12 da la'asar ta yi, yana da kyau yanzu, ja wur, amma mai shi ya san in ya kwana da shi asara ce, mai saye ma ya kamata ya san miyar yau da gobe kawai ya saya. Kulob ɗin da ya manta da haka ya biya kuɗin buhun shinkafa a kan tumatir shi ake ci.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Boston Red Sox a ƙarshen Agustan 1990. Suna neman mai jifa da zai taimaka a ƙarshen wasa, sai suka karɓi Larry Andersen daga Houston Astros, dattijo mai shekara 37 wanda kwantiraginsa zai ƙare da ƙarewar kakar. Kuma fa kar a zalunce shi, ya yi aikin da aka kawo shi ya yi, wasa 15 ya shiga ya yi jifa mai kyau, Boston ta lashe rukuninta, sai Oakland ta share su 4 da nema, Andersen ya tattara ya koma San Diego. Abin da suka bayar kuwa wani yaro ne a ƙaramin lig, Jeff Bagwell, haifaffen Boston ma, wanda ya taso yana goyon bayansu. Hujjarsu wai bes na uku yake tsayawa kuma suna da Wade Boggs a wurin, sannan hom ron 4 kacal ya buga a shekarar, hom ron shi ne bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili gaba ɗaya. Ba su yi la'akari da cewa filin da yake wasa a New Britain fili ne mai wuyar fitar da ƙwallo ba. Houston suka mai da shi bes na ɗaya, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a 1991, gwarzon lig a 1994, hom ron 449, duk a riga ɗaya, aka sa shi a zauren gwaraza na Cooperstown a 2017. Wata ɗaya da 'yan kwanaki a kan shekara 15.

Daga nan sai ka tambayi kanka, a cikin su biyun wa ke cikin matsi? Ni a ganina nan asirin yake, don manajojin nan ba wawaye ba ne, suna da masu leƙen 'yan wasa da masu lissafi da likitoci, in ka ga sun yi ciniki irin na wanda bai san kasuwa ba to akwai abin da ya shaƙe musu wuya, ko bashi, ko fushi, ko tsoron kora, ko mai kulob ya ce a rage kashe kuɗi. Ɗauki uban su duka, na Babe Ruth. A Disambar 1919 mai Red Sox, Harry Frazee, ya sayar da shi ga New York Yankees a kan dala dubu 100, wannan kam kuɗi ne ba musaya ba. Amma ka duba abin da ke gefe, masu Yankees ɗin sun kuma ba shi rancen dala dubu 300, ya jinginar musu da filin wasansa na Fenway Park. Mutumin da ya jinginar da filinsa ga abokin hamayya ba sai an gaya maka halin da aljihunsa ke ciki ba. Ga shi kuma Ruth na ta rigima a ninka masa albashi ya koma dubu 20. Ruth ya buga hom ron 29 a 1919, wanda a lokacin ba a taɓa yi ba, ya je New York ya buga 54 a 1920, shi kaɗai ya fi kowane kulob na lig ɗinsu in ka cire nasa, ya buga 59 a shekarar da ta biyo, 60 a 1927. Kafin cinikin Boston na da kofi 5, Yankees ko ɗaya, bayansa Boston ba ta sake ganin kofi ba sai 2004, shekara 86 daga na 1918, Yankees kuwa yau suna da 27.

Abin mamaki shekara ɗari bayan haka kulob ɗin nan dai ya sake, a Fabrairun 2020 suka tura Mookie Betts, gwarzon lig na 2018, zuwa Los Angeles Dodgers tare da David Price, suka karɓi Alex Verdugo da Jeter Downs da Connor Wong. A nan ba talauci ba ne, akwai wani haraji da lig ke ɗora wa kulob ɗin da albashin 'yan wasansa ya wuce wani geji, suna so su sauko ƙasa da shi, kuma Betts shekara ɗaya ta rage masa. Duk wanda ka zo wurinsa saye ya san so kake ka sauke nauyi ba zai ba ka farashin kirki ba, sun ma haɗa shi da Price ne don a rage musu nauyin albashinsa, wanda hakan ya ƙara karya darajar kayan. Dodgers suka ba Betts kwantiragin shekara 12 a kan dala miliyan 365 kafin ma a fara buga kakar, suka ɗauki kofi a 2020, suka sake a 2024 da shi a ciki. Boston ta ƙare a ƙarshen tebur a 2020, Downs suka sallame shi bayan shekara biyu da wani abu, Verdugo ma daga baya suka tura shi Yankees.

Matsin Montreal Expos a 2002 ya fi na kowa ban tausayi. Ana maganar za a rushe kulob ɗin gaba ɗaya, lig ce ma ke riƙe da shi, to manajan da bai san ko kulob ɗinsa zai kai baɗi ba me zai yi da yaran da sai nan da shekara uku za su nuna? Sai ya kwashi Grady Sizemore da Cliff Lee da Brandon Phillips ya ba Cleveland ya karɓi Bartolo Colon. Colon ya yi rabin kaka mai kyau, ba su kai ko'ina ba, suka tura shi gaba. Yaran nan uku kowanne ya zama tauraro, Lee har da kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa a 2008. Kulob ɗin kuma ba a rushe shi ba, Washington aka mai da shi a 2005, ya isa can hannu rabbana.

Sai fushi, wanda shi ne mafi arhar dalili. A farkon 1972 Steve Carlton na jayayya da mai Cardinals a kan ƙarin albashi bayan ya ci wasa 20, mai kulob ya harzuƙa ya ce a fitar da shi, aka ba Philadelphia Phillies aka karɓi Rick Wise. Phillies a shekarar wasa 59 kacal suka ci, 27 daga ciki Carlton ne ya ci musu. In ka ji labari ya fito cewa ɗan wasa da mai kulob ba sa ga maciji, sannan bayan sati biyu aka ce an yi ciniki, ka fara zargin mai sayarwa tun kafin ka ga abin da aka ba shi.

Ka kuma saurari uzurin da mai sayarwa ke bayarwa, musamman in uzurin a kan jikin mutum ne ba a kan wasansa ba. Cincinnati Reds sun ba Baltimore Orioles Frank Robinson a Disambar 1965 da tunanin wai shekararsa 30 amma jikinsa ya girmi shekarun, suka karɓi Milt Pappas da wasu biyu. A 1966 Robinson ya zo na ɗaya a lig a hom ron da 49, na ɗaya a matsakaicin bugu mai kyau, na ɗaya a shigar da maki, ya zama gwarzon lig, Baltimore ta ɗauki kofinta na farko shi ne kuma gwarzon wasan ƙarshe. Dodgers ma a Nuwamban 1993 sun kalli Pedro Martinez suka ce ɗan tsurut ne, jikinsa ba zai ɗauki jifa mai yawa ba, suka ba Montreal suka karɓi Delino DeShields, ɗan tsurut ɗin ya je ya ɗauki Cy Young sau uku, 1997 da 1999 da 2000. Ya tsufa, ya yi ƙanƙanta, ba ya jin magana, duk maganganu ne da ba za ka iya nuna su a takardar sakamako ba. In lambobin mutum na cewa yana yi, mai sayarwa kuma na cewa ai ka dubi ƙirarsa, bi lambobin.

Yanzu ga wani abu da mutane ke tsallakewa: in an jero sunayen da ke cikin ciniki, karanta na ƙarshen nan da ba ka taɓa ji ba. Babban suna kowa ya san darajarsa, an yi ta ja a kansa, da wuya a yi kuskure mai girma a wurin, gyara ce ke kashe mutum. A Janairun 1982 Phillies da Cubs suka yi musayar Larry Bowa da Ivan DeJesus, aka ɗora wani yaro Ryne Sandberg a kai ya bi Bowa zuwa Chicago, yaron nan ya zama gwarzon lig a 1984 ya ƙare a Cooperstown. A Yunin 2016 Chicago White Sox suka karɓi James Shields daga San Diego Padres, cikin abin da suka bayar akwai yaro ɗan shekara 17 ɗan ƙasar Dominika da bai buga ko wasa ɗaya na ƙwararru ba, Fernando Tatis Jr., wanda a 2021 Padres suka ba shi kwantiragin shekara 14 a kan dala miliyan 340, duk da dai shi ma ya jawo wa kansa dakatarwar wasa 80 a 2022 kan maganin ƙara kuzari. Wata biyu bayan na Tatis, Dodgers suka ba Houston Yordan Alvarez a kan Josh Fields, shi ma bai buga musu wasa ba tukuna, daga baya ya zama tauraro. Har akwai wanda ba a ma faɗin sunansa ranar ciniki, sai a ce za a bayyana shi daga baya cikin wata shida, David Ortiz, wanda daga baya ya zama babban tauraro, ta haka ya bar Seattle ya koma Minnesota a 1996. To in ka ga ƙaramin suna, nemo shekarunsa da matakin ƙaramin lig ɗin da yake, yaro ɗan 19 da ke fafatawa da 'yan 23 kuma yana tsaye da ƙafarsa, wannan shi ne wanda za ka sa wa ido.

In shekaru sun wuce kana so ka yi lissafi na gaske ba na baki ba, buɗe Baseball-Reference ko FanGraphs a wayarka, kyauta ne kuma rubutu ne da lambobi, ba bidiyo ba, ba zai shanye maka data ba. Rubuta sunan ɗan wasa, za ka ga layin kowace shekara da kulob ɗin da ya buga wa, nemi ginshiƙin da aka rubuta WAR. Lamba ce da ke ƙiyasta wasa nawa mutumin ya ƙara wa kulob ɗinsa ci idan aka gwada shi da wani gama-garin ɗan wasa da za a iya ɗaukowa daga ƙasa a cike gurbi. A kaka ɗaya 2 matsakaicin ɗan wasa ne, 5 tauraro, 8 zuwa sama maganar gwarzon lig ake. Tara na waɗanda suka tafi, tara na waɗanda suka zo, ka ɗebe. Bagwell ya tara kusan 80 a Houston, Andersen a Boston abin da ya tara bai taka kara ya karya ba. Shafukan biyu lissafinsu ya ɗan bambanta musamman a kan masu jifa, saboda haka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, kar ka ɗauki lambar wannan daga nan ta wancan daga can don hujjarka ta yi ƙarfi, 'yan musu sun iya wannan.

Amma a nan akwai ha'incin da ake yi ba da sani ba. Kar ka tara duk rayuwar ɗan wasa ka ɗora wa kulob ɗin da ya sayar, tara shekarun da suke da iko da shi kawai. Boston ba shekara 12 na Betts ta bayar ba, shekara ɗaya ta bayar da damar fara zama da shi a teburin ciniki, sauran Dodgers da kuɗinsu suka saya. Wannan bai wanke Boston ba, laifinsu shi ne ƙin biya alhali suna da shi, amma laifi ne daban da na Bagwell inda shekara shida masu arha aka miƙa.

Sai maganar kofi, wadda ita ce ke rikita lissafin duka. Kwanakin baya a teburin wani mai shayi a Agege, wajen ƙarfe ɗaya na dare, janareto na ta ƙara, wani dattijo ɗan canji da wani saurayi mai gyaran waya suka kama a kan John Smoltz. Saurayin ya juya masa fuskar waya yana nuna lambobi da ɗan yatsa.

"Alhaji dubi nan fa, Detroit sun ba da Smoltz a 1987 yana ɗan shekara 20, ɗan jiharsu ma, suka karɓi tsoho Doyle Alexander. Smoltz ya ci wasa 213 ya shiga Cooperstown. Wannan ai fashi ne da rana tsaka."

Dattijon ya kurɓi shayinsa ya ce, "Yaro, sauko ƙasa kaɗan ka karanta min abin da tsohon ya yi bayan ya zo."

"Ya ci 9 bai faɗi ko ɗaya ba."

"To da wasa nawa suka wuce Toronto?"

"Biyu."

"Ka cire taran nan ka gaya min inda suke. Abin da suka je saye sun samo shi, tsada dai ya yi."

Ni ina bayan Alhaji rabi. Detroit sun lashe rukuninsu saboda Alexander, ba musu, amma Minnesota ta fitar da su a zagaye na gaba kuma Alexander ya faɗi duka wasanni biyun da ya jefa a can, kofin bai zo ba. Kuma a lokacin Smoltz yana shan duka a ƙaramin lig, wasa 4 ya ci ya faɗi 10, ba wanda zai rantse zai zama abin da ya zama. Wannan ciniki mai tsada ne, ba na wauta ba, kuma ya kamata ka riƙa raba biyun. Na Cubs a 2016 ma ya fi sauƙin karewa, sun ba Yankees Gleyber Torres da wasu suka karɓi Aroldis Chapman na wata uku kacal, kaka na ƙarewa Chapman ya koma Yankees ɗin a kan dala miliyan 86, ka ga Yankees sun riƙe yaro sun kuma dawo da mutuminsu. A takarda an ci Cubs. Amma sun ɗauki kofin da rabonsu da shi tun 1908, shekara 108, je ka Chicago ka nemo wanda ke kukan Torres. Tambayar da za ka yi ita ce, lokacin da suka saya suna dab da kofi ne da gaske ko mafarki suke? White Sox ɗin da suka ba da Tatis ba su ma kai wasannin neman kofi na ƙarshen kaka ba a 2016, Shields ɗin kuma duka ya yi ta sha. Wannan babu ta inda za ka kare shi.

Kana iya tambaya ko ba mai hana irin wannan, to kwamishinan lig na da ikon soke ciniki amma da wuya ya taɓa. A Yunin 1976 mai Oakland, Charlie Finley, ya ga taurarinsa za su samu 'yanci su tafi a banza, sai ya sayar da Vida Blue ga Yankees a kan dala miliyan ɗaya da rabi, Rollie Fingers da Joe Rudi ga Boston miliyan ɗai-ɗai, kwamishina Bowie Kuhn ya ce bai yarda ba, suka koma. Shi ma don tsabar kuɗi ne, musayar 'yan wasa kuwa in ka ga dama ka ba da zinariya ka karɓi gwangwani ba mai riƙe maka hannu.

A shekarun nan kasuwar tana rufewa ne ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, ƙarfe 6 na yamma agogon New York, wato 11 na dare a Legas, kuma a awannin ƙarshen nan ake tafka yawancin ta'asar don agogo ma matsi ne. In kana son gwada hannunka ɗauki na Juan Soto. Ya ƙi tayin Washington Nationals na dala miliyan 440 a shekara 15, a Agustan 2022 suka tura shi San Diego suka karɓi tarin yara, cikinsu akwai CJ Abrams da MacKenzie Gore da James Wood, ukun nan duk an zaɓe su wasan taurari daga baya. Kallon farko za ka ce an ci San Diego tunda kaka ɗaya da rabi kawai Soto ya yi musu ba kofi. Amma kar ka rufe littafin a nan, bi sarƙar, a Disambar 2023 sun tura shi Yankees suka karɓi Michael King da Drew Thorpe da wasu, bayan wata uku suka sa Thorpe a cikin kayan da suka ba White Sox suka karɓi Dylan Cease, to duk abin da King da Cease suka yi a San Diego a lissafin Soto zai shiga. Yankees su kuma shekara ɗaya suka samu, sun kai wasan ƙarshe a 2024 Dodgers suka doke su, Soto ya tsallaka unguwa ya koma Mets a kan dala miliyan 765. Kulob uku ke nan za ka buɗe wa shafi, kuma ka bar fili a ƙasan na Washington don Wood yanzu ma ya fara.